Wa Ke Yanke Kuɗin Jirgi? Daga Audugar Zariya Zuwa Harajin Hayaƙin Teku

Ranar 17 ga Oktoba, 2025, wakilan ƙasashen duniya suka watse daga wani taro a Landan ba tare da sun gama abin da ya tara su ba. Taron na Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya ne, wadda aka fi sani da IMO, kuma maganar da ke gabansu ita ce ko za a fara cajin manyan jiragen ruwa kuɗi a kan hayaƙin da suke fitarwa mai ɗumama duniya. Ƙasashe 57 suka zaɓi a ɗage maganar da shekara guda, 49 suka ce a yanke ta a wuce wurin. Masu son ɗagewa suka yi rinjaye.

Mazaunin Kwarbai ko Limancin Kona zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Tsakanin ganuwar Zariya da bakin teku akwai tafiyar kusan kilomita dubu, kuma da yawa daga cikinmu za su rayu su koma ga Allah ba su taɓa ganin jirgin ruwa da idonsu ba. Amma wayar da ke hannun mai karatu, da babur ɗin da ke ƙofar gida, da farantin sola, da alkamar burodin safe, duk ta teku suka iso. Fiye da kashi 80 cikin ɗari na kayan cinikin duniya ta teku ake jigilarsu. Kuma tarihin birnin nan ya riga ya nuna cewa duk lokacin da aka sake lissafin kuɗin dakon kaya a wani ɗaki mai nisa, kasuwar Zariya ta kan ji a jikinta.

Zamanin jaki da raƙumi

Kafin zuwan Turawa, Zariya zango ce babba a kan hanyar fatake. Ayarin da ya taso daga Kano zai nufi Nupe ko ƙasar Yarabawa, nan yake yada zango, haka ma wanda ya fito daga kudu da goro. Littafin tarihin sarakunan Kano ya danganta yawaitar goro a ƙasar Hausa da zamanin Sarauniya Amina. Ƙasar Zazzau kuma ƙasar auduga ce. Ana noma ta a gonakin talakawa da kuma rinjojin sarakuna, inda bayi ne ke aikin, kuma wannan ɓangare ne na tarihin da bai kamata a ɓoye ba. Mata su gurza, su kaɗa da mazari, masaƙa su saƙa, marina su tsoma a karofi, mabuga su buga, maɗinka su zauna a zaure su yi wa riga aska. Abin da ya rage na auduga da zare a ɗora wa jakai a kai Kano.

A wancan zamani nisa da kansa katanga ne. Baturen nan Clapperton ya tashi daga Badagiri a watan Disamba na 1825, bai iso Zariya ba sai tsakiyar 1826. Yadin Ingila da ake gani a kasuwannin ƙasar Hausa, mai yawa daga cikinsa jirgi ne ke kai shi Turabulus, daga nan Larabawan Gadamas su ɗora wa raƙuma su ratso Sahara wata da watanni. Kafin ya iso ya yi tsadar da ba zai iya kashe masaƙin gida ba. Wahalar hanya ita ce garkuwar saƙarmu.

Abin da ya rushe wannan katanga shi ne kwal. A 1852 Macgregor Laird ya kafa kamfanin jiragen tururi masu zirga-zirga tsakanin Ingila da gaɓar Afirka ta Yamma, a 1854 kuma jirgin da Baikie ya jagoranta ya shiga kogin Kwara ya haura Binuwai. Jirgi mai cin kwal ba ya jiran iska, yana da ranar tashi da ranar isowa, kuma yana ɗaukar abin da raƙuma dubbai ba za su ɗauka ba. Hayaƙin da ake gardama a kansa yau a Landan, a nan ya fara tashi.

Mutum ɗaya, hula uku

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan sauyi shi ne Alfred Jones na birnin Liverpool, shugaban kamfanin jiragen Elder Dempster. A 1895 ya haɗa kai da kamfanin Woermann na Jamus suka kafa ƙungiyar masu jiragen Afirka ta Yamma. Dabararsu mai sauƙi ce. Ɗan kasuwa zai biya kuɗin dako tare da ƙarin kashi 10 cikin ɗari. Ƙungiyar za ta riƙe wannan ƙari na tsawon watanni, sannan ta mayar masa, da sharaɗin cewa a duk tsawon lokacin bai ɗora ko dila ɗaya a jirgin wani ba. Tun da kullum akwai kuɗinsa a hannunsu, kullum a ɗaure yake. Sabon mai jirgi da ya zo da farashi mai rahusa ba zai sami kaya ba, don babu mai son asarar abin da aka riƙe masa. Koke-koken 'yan kasuwa a kan irin wannan tsari sun kai gwamnatin Ingila ta kafa kwamitin bincike a 1906, amma rahotonsa na 1909 bai hana komai ba.

Jones ɗin nan kuma shi ne ya kafa Bankin Afirka ta Yamma na Ingila a 1894, wanda shi ne kakan First Bank na yau. Shi ne kuma shugaban farko na ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Ingila, BCGA, wadda aka kafa a Manchester a 1902, wadda mutanenmu suka mayar Bisije. Masaƙun Lancashire sun dogara sosai da audugar Amurka, kuma ba su manta da yunwar audugar da suka sha ba lokacin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Suna neman gona tasu ta kansu, idonsu kuma ya faɗa kan Arewacin Nijeriya. To, mai sayen audugar, da mai jirgin da zai ɗauke ta, da mai bankin da za a biya ta cikinsa, duk a hannun mutum ɗaya suka haɗu.

Saura hanya daga gona zuwa jirgi. A 1902 sojojin Ingila suka zauna a Zariya, aka tuɓe Sarki Kwasau, a 1903 aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi. A 1907, zamanin Gwamna Girouard, aka fara shimfiɗa layin dogo daga Baro a bakin Kwara zuwa Kano. Talakawan Zazzau aka ɗebo ta hannun hakimai don haƙa da ɗaukar ƙasa, aikin da Sarki Aliyu ya yi wa waƙa da kansa, wato Waƙar Diga. A 1911 dogo ya iso Zariya ya wuce Kano, aka kuma haɗa shi da layin Legas. Daga nan Larabawan Kano da kansu suka koma aiko da kayansu ta teku, cinikin Sahara ya durƙushe cikin 'yan shekaru.

Abin lura shi ne inda aka ajiye tashar. Ba a kawo ta kusa da kasuwar birni ba. An kafa ta can arewa, hayin Kubanni, inda Sabon Gari ya tsiro, kantunan Turawa da na Kwarori suka jeru, Bisije ta kafa injin gurza. Daga nan aka ja ƙaramin layi zuwa ƙasar kuza ta Jos, daga baya kuma wani zuwa Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda a 1929. Zariya ta zama mahaɗar jiragen ƙasa, amma kuɗin yana juyawa ne a wajen ganuwa. Mutumin birni da a da fatake ke sallama a zaurensa, yanzu shi ne zai fita ta Ƙofar Doka ya bi ta Tudun Wada ya je neman ciniki.

Masaƙa ba su miƙa wuya nan take ba. Shekara da shekaru sun riƙa sayen auduga a farashin da ya fi na Bisije, manomi kuwa inda ya fi tsoka nan yake kai kayansa. A Kano ma manoma suka juya wa auduga baya a 1912 suka rungumi gyaɗa. Sai gwamnati ta koma ga doka da iri. A 1912 aka shigo da irin Amurka mai suna Allen, wanda tsawon silinsa ya dace da injinan Lancashire. Aka riƙa raba angurya kyauta ta hannun masu sarauta, aka keɓe fuloti inda nan ne kaɗai aka yarda a sayar da audugar fitarwa, ga kuma haraji da dole a biya shi da kuɗin Bature. A 1922 aka kafa tashar binciken noma a Samaru, wadda ta zama cibiyar inganta irin auduga. A hankali ƙasar Zazzau da kudancin Katsina suka zama gonar Lancashire. Auduga ta sauka Legas a dile, ta hau jirgin Elder Dempster, ta dawo a matsayin akoko da atamfa a cikin jirgin kamfanin. Kamfanin ya ci kuɗin tafiya, ya ci na dawowa.

Lokacin da muka yi jirage namu

Shugabannin da suka karɓi mulki sun fahimci wannan lissafi. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles don a saƙa audugar Arewa a Arewa, wasu masaƙu suka biyo baya a Kakuri. A shekarar ce Gana ta kafa kamfanin jiragenta na Black Star, a 1959 kuma Nijeriya ta kafa nata, NNSL. Da farko Elder Dempster da Palm Line suna da hannun jari a ciki, sai a 1961 gwamnati ta saye su. A fagen duniya ma ƙasashe masu tasowa sun yi gwagwarmaya har aka amince da wata yarjejeniya ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1974, wadda ta ce a raba dakon kaya tsakanin ƙasashe biyu masu ciniki kashi 40 da 40, a bar wa jiragen waje kashi 20. Ta fara aiki a 1983, Nijeriya kuma ta sa ta cikin dokarta a 1987. A 1978 an kafa Majalisar Masu Jigilar Kaya ta Nijeriya don ta riƙa zama da ƙungiyoyin masu jirage a kan farashi.

An sami doka, amma kafin ta kankama duniyar jirage ta sake fata. Jirage sun bar kwal sun koma baƙin mai, sannan kwantena ta zo. Akwatin ƙarfe mai girma ɗaya a ko'ina ya sa lodi da sauke kaya suka koma aikin awoyi maimakon makonni, amma yana bukatar manyan jirage na musamman da tashoshi masu zurfi da ƙugiyoyi. Jiragen da NNSL ya sayo a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kuɗin fetur ke ambaliya, yawancinsu na tsohon salon dako ne. Ga bashi, ga rashin iya riƙo. A 1995 aka rufe kamfanin. Shi kansa Elder Dempster ya riga ya shuɗe tun 1989.

Arhar kwantena ta gama abin da kwal ya fara. An rushe hukumar cinikin auduga a 1986, Nijeriya ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, yadin Asiya ya kwararo ta tashoshinmu da ta Kwatano. Da rashin wuta da tsadar baƙin mai suka taru a kan masaƙun Kaduna, sai suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, Kaduna Textiles a 2002, UNTL a 2007. Maɗinkin babbar riga a cikin birnin Zariya yana nan da allurarsa, kuma har yau ana alfahari da aikin hannunsa, amma shaddar da yake yi wa aiki ta teku ta zo. Yau manyan kamfanoni 'yan ƙalilan irin su MSC da Maersk da CMA CGM ke ɗauke da mafi yawan kwantenonin da ke shigo mana, kuma idan suka yi ƙari a farashi, kamar yadda aka gani a 2021 bayan annobar korona, ɗan kasuwarmu sanarwa kawai yake samu.

Sabon lissafi

Yanzu an zo sauyin makamashi na uku. Jiragen ruwa na fitar da kusan kashi 3 cikin ɗari na iskar da ke ɗumama duniya, kuma kowane tan ɗaya na baƙin mai da jirgi ya ƙona yana sakin fiye da tan uku na iskar kabon. A watan Yuli na 2023 ƙasashen IMO suka amince a kai hayaƙin jirage ga sifili wajen shekarar 2050, a kuma rage aƙalla kashi 20 cikin ɗari kafin 2030 idan aka gwada da na 2008. A watan Afrilu na 2025 aka fitar da tsarin aiwatarwa, ƙasashe 63 suka goyi baya, 16 suka ƙi.

Ga yadda tsarin yake. Ya shafi jiragen da girmansu ya haura tan 5,000. Za a auna yawan hayaƙin da man jirgi ke haifarwa, tun daga inda aka haƙo ko aka sarrafa shi har zuwa inda aka ƙona shi. An ja layi biyu, kuma duk shekara layukan na ƙara matsewa. Jirgin da ya kasa cika layi mai sauƙi zai biya dala 380 a kan kowane tan na hayaƙin da ya haura. Wanda ya cika mai sauƙi ya kasa mai tsauri zai biya dala 100 a kan tan. Wanda ya fi mai tsaurin tsabta zai sami rarar da zai iya sayar wa wasu. Kuɗin da aka tara, wanda aka ƙiyasta zai kai dala biliyan 10 ko fiye a shekara, zai shiga wani asusu don tallafa wa sabon makamashi irin su amoniya da metanol, da kuma rage wa ƙasashe masu rauni raɗaɗi.

Kowa ya ja zaren ta inda ya fi masa. Tarayyar Turai ta so tsarin. Ƙananan tsibiran tekun Fasifik irin su Tuvalu da Marshall, waɗanda ruwa ke barazanar haɗiye su, sun so haraji a kan kowane tan na hayaƙi ba rara kaɗai ba, don haka suka ƙaurace wa ƙuri'ar Afrilu suna ganin an yi sako-sako. Saudiyya da Rasha da wasu masu arzikin fetur suka ƙi. Gwamnatin Trump ta Amurka kuwa ta fito fili ta yi barazanar hana biza da ƙaƙaba takunkumi da ƙarin kuɗin tasha a kan ƙasashen da suka goyi baya. A cikin wannan yanayi aka kaɗa ƙuri'ar ɗagewa ta watan Oktoba.

Ina Zariya a ciki? Kamfanin jirgi ba ya haɗiye asara. Duk abin da aka caje shi zai raba shi a kan kaya. Kwantena cike da wayoyi ba za ta ji komai ba, don darajar kayan ta ninka kuɗin dakon sau da yawa. Wanda zai ji shi ne kaya mai nauyi mai arha: alkama, sinadaran taki, da abin da muke fitarwa ɗanye, wato citta ta ƙasar Kachiya, riɗi, zoɓo, waken suya, fata. Mai saye a Turai ko Asiya ba zai ƙara farashi don tausayin manomi ba, za a zabtare ƙarin ne daga abin da ake biya a kasuwar ƙauye. Binciken da hukumar ciniki ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNCTAD, ta yi wa IMO a 2024 ya nuna cewa matalautan ƙasashe da ƙananan tsibirai ne za su fi jin nauyin. Alhali duk nahiyar Afirka ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na iskar kabon ta duniya.

Amma kada mai karatu ya ɗauka ɗagewar nasara ce gare mu. Na farko, hayaƙin na ci gaba da tashi, kuma mu ne muke a bakin wuta: ambaliyar 2022 ta kashe mutane fiye da 600 a Nijeriya, ta Maiduguri a 2024 da ta Mokwa a 2025 ba su bar zukata ba, manomin Giwa da Soba kuma ya san damina ta daina riƙe alkawari. Na biyu, rashin dokar duniya bai hana biyan kuɗi ba. Tun daga Janairun 2024 Tarayyar Turai ta fara cajin jiragen da ke shiga tashoshinta kuɗin hayaƙi, har da rabin hayaƙin tafiyar da ta taso daga waje, kamar daga Legas zuwa Antwerp. Kamfanonin jirage sun riga sun sa wannan ƙari a takardun kuɗinsu. Wato buhun cittar da ya nufi Turai yana biyan harajin hayaƙi yanzu haka, kuɗin kuma yana shiga baitulmalin Turai. A ƙarƙashin tsarin IMO aƙalla akwai asusun da za a iya neman kaso a cikinsa.

A nan ne bambancin yau da 1895 yake. Ranar da Jones da Woermann suka yanke kashi 10 ɗinsu, babu Bazazzagi ko Bakano a ɗakin, babu ma wanda ya ji labari. A IMO kowace ƙasa ƙuri'a ɗaya gare ta, kuma a ƙarshen Nuwamban 2025 an zaɓi Nijeriya cikin majalisar gudanarwar hukumar bayan shekara 14 ba ta ciki. Kujera ta samu. Abin da ya rage shi ne a shiga da lissafi a hannu: nawa ƙarin zai ci a kan buhun taki da na alkama, kashi nawa na asusun zai zo tashoshin Afirka, wa zai riƙe shi, da wace ƙa'ida za a raba. Duk wanda ya taɓa rubuta manhajar kwamfuta ya san cewa wanda ya tsara ƙa'idar lissafi tun farko ya riga ya yanke sakamako kafin a shigar da lamba ko ɗaya. Yarjejeniyar 40 da 40 da 20 ta koya mana kuma cewa kaso a takarda ba ya amfani idan babu abin ɗaukarsa.

Akwai kuma rabin tafiyar da ba ya bukatar izinin Landan. 'Yan kasuwar Arewa sun daɗe suna kukan cewa ɗauko kwantena daga Apapa zuwa nan a tirela kan yi gogayya da kuɗin da ta ci a teku, kuma tirelar ma hayaƙi take fitarwa. An buɗe tashar tsandauri a Kaduna a 2018, ta Dala a Kano a 2023, ta Funtuwa a 2024, an kuma ƙaddamar da aikin sabon dogo daga Kaduna zuwa Kano ta Zariya a 2021. Idan jirgin ƙasa ya riƙa kai kaya waɗannan tashoshi a kan kari, abin da za a rage a kan tudu zai iya shanye abin da za a ƙara a teku. Idan kuma aka niƙa citta, aka tatse riɗi, aka jeme fata, aka saƙa auduga kafin su bar ƙasar, nauyin da za a biya wa dako zai ragu, darajar kuma ta ƙaru.

Kwal ya mayar da kasuwa daga cikin ganuwa zuwa Sabon Gari. Baƙin mai da kwantena suka kashe injinan Kakuri. Sauyi na uku yana tafe ko an ɗage ƙuri'a ko ba a ɗage ba, domin kamfanonin jirage sun riga sun fara sayen jirage masu amfani da metanol. A karo biyun farko mutanen Zariya sun ji labari ne bayan an gama, ta bakin farashi a fuloti da kanti. Wannan karon ana gardamar a bainar jama'a, takardun suna kan intanet, kuma wakilan da ke zaune a kujerar Nijeriya da sunanmu suke zaune. Ya kamata ɗan majalisar da ke wakiltar Zariya, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da malaman Samaru da Kongo su tambaye su abin da suka nema, da abin da suka samo.